Buhunan Inna Ishatu

Inna Ishatu ba ta amsa gaisuwa da sauri. Sai ta dubi fuskarka, ta dubi abin da ke hannunka, sannan ta ce, "Lafiya lau." Mutanen layinsu a Tudun Wada sun saba da haka tuntuni. Baƙo ne kawai yake ɗauka girman kai ne.

Ba da wannan halin ta taso ba. A wani ƙauye a bakin kogin Galma aka haife ta, 'yar manomin rani, kuma waɗanda suka san ta tana yarinya sun ce surutu ne da ita kamar aku. Mahaifinta albasa da tumatir yake yi a fadama, ita ce mai taya shi ban ruwa. Aure ne ya kawo ta gari. Mijinta Labaran mai gyaran keken ɗinki ne, ita kuma daga baya ta samu aikin girki a wata makarantar kuɗi. Suka yi shekaru suna tara kuɗi har suka sayi fili can bayan Hanwa, ta hannun wani aminin Labaran. Ranar da suka kai bulo, suka tarar wani ya riga ya haƙa tushen gini a wurin, shi ma da takardunsa a hannu. Aminin nan mutum biyu ya sayar wa, ya bar gari. Labaran bai sake komawa daidai ba, har ya rasu a ɗakin haya. Tun daga nan Ishatu ta rage magana, ta ƙara kallo.

Gidan hayar irin wanda ɗakuna ke jere suna fuskantar juna ne, tsakar gida duk siminti. Nata ne na ƙarshe, ciki da falo. A bayansa akwai wani siririn lungu tsakanin bangon ɗaki da katangar da ke kallon titi. In ka miƙe hannuwanka za ka taɓa ɓangarorin biyu. A da can nan ake jefa karyayyun kujeru da tsofaffin tayoyi.

Bayan ta bar aikin girki, 'yarta Surayya kuma ta yi aure a Kaduna, zama ya yi mata yawa. Wata damina wani ruɓaɓɓen tumatir da aka watsar a bakin magudana ya tsiro. Ta tone shi da tsohon cokali, ta dasa a buhun shinkafa da ta cika da ƙasar lungun. Bai yi nisa ba ya mutu, domin ƙasar duk ɓaraguzan siminti ce. Abin ya ba ta haushi ƙwarai, a ce 'yar fadama guda tumatir ɗaya ya gagare ta. Ta hau acaɓa zuwa ƙauyensu, ta dawo da buhun baƙar ƙasa da ƙullin iri a bakin zane.

Cikin shekaru kaɗan lungun ya zama abin kallo, ko da yake ba kowa ta bari ya kalla ba. Buhuna jere a jikin katanga, ta huda gindinsu ta ɗora a kan bulo don kada ruwa ya kwanta. Tumatir da attarugu a wajen da rana ta fi daɗewa, alayyafo da yakuwa a bokitan fenti, albasa mai lawashi a tsohuwar roba, zogale ɗaya a cikin taya wanda take datse wa kai kullum don kada ya leƙa titi ya tona mata asiri. Kashin kaji da toka ne takinta. In tsutsa ta shiga, sai ta jiƙa ganyen darbejiya ta yayyafa. Ƙananan tsiro kuwa tsohon gidan sauro take rufa musu saboda ƙadangaru. Ruwan wanke shinkafa ba ya zuwa magudana a ɗakinta, kuma a kan bokitin alayyafo take alwala.

Ta sa wa bakin lungun ƙyauren langa-langa, tana ɗaure shi da waya, irin ɗaurin da ita kaɗai ta san yadda ta murɗa. Kowace yamma takan barbaɗa toka a ƙasa. In an tambaye ta sai ta ce maganin tururuwa ne. Gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Da safe sawu take fara dubawa kafin ta dubi ganye.

Mutum ɗaya ne a gidan ba ta yi wa wannan kallon: Malam Kailani, bakaniken acaɓa da keke, wanda yake aiki a gindin bishiya a bakin titi. Ya fi kowa daɗewa a gidan. Shi ya tsaya a kan jana'izar Labaran, shi ya kafa mata ƙyauren langa-langar. Duk Juma'a takan tsinki alayyafo ta kai wa matarsa Rahma.

Ana cikin haka ɗakin da ke manne da nata ya tashi, aka ba wata ma'aikaciyar jinya mai suna Miriam. 'Yar Wusasa ce, Kirista, mai fara'a da yawan magana. Ta zo da kaya kaɗan da wani ƙaramin janareta. Tagar bayan ɗakinta a lungun take buɗewa, kuma wannan shi ne abu na farko da Ishatu ta ƙi.

Washegarin tarewarta, Ishatu na tsugune tana cire ciyawa ta ji murya a samanta.

"Mama, ina kwana? Duk wannan ke kaɗai kika shuka?"

Ishatu ta ɗaga kai, ta ga fuska a taga. Ta daɗe kafin ta ce, "Lafiya lau."

"Wace ƙasa kike sawa? Nawa tumatirin a gida ganye kawai yake yi."

"Ƙasar Allah ce."

Miriam ta yi dariya, ta ɗaga waya ta ɗauki hoto. Ranar Ishatu ba ta iya cin abincin rana ba. Wa za a nuna wa hoton? Me ma'aikaciyar asibiti za ta yi da hoton buhunan tsohuwa?

Bayan kwana biyu Miriam ta kawo mata wasu manyan iri a leda, ta ce ugu ne, ganyensa yana ƙara jini. Ishatu ta karɓa da yatsu biyu. Ba ta zubar ba, don ba ta iya zubar da iri. Ta shuka shi a bokiti shi kaɗai, ta kai can ƙarshen lungu nesa da sauran, kamar mai cutar da ake gudun ta yaɗu.

Da bazara ta kama, ruwa ya yi wuya, sai an jira 'yan garuwa. A lokacin ne tumatirin ya fara lalacewa. Ganye ya nannaɗe, ya yi ruwan ɗorawa, ya zube. Ta san ƙishi, ta san tsutsa, ta san zafin taki, wannan ba ko ɗaya ba ne. Ta tura yatsa cikin buhu ta ciro ƙasa, ta murza, ta ji santsi. Ta kai hanci: baƙin mai ne, wanda ake juyewa daga inji. Buhunan da suka mutu kuwa su ne na ƙarƙashin tagar Miriam. Ta dubi ƙyaure, ta ga an mayar da wayar amma ba irin murɗinta ba. A kan toka akwai sawun silifas, irin wanda kowa a gidan yake shiga banɗaki da shi.

Ba ta gama juya wannan a ranta ba, sai ga Adnan, ɗan mai gidan, da wani magini riƙe da igiyar awo. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce a buɗe musu lungu.

"Me za a auna?"

"Inna, ƙorafi aka kai wa Alhaji. An ce shukarki tana tara sauro, kuma ruwa yana cin bango."

"Wa ya kai?"

"Ba sai na faɗa ba."

"Bangon da ruwa ya ci, nuna min shi."

Adnan ya sosa ƙeya, ya ce shi dai aike ne. Suka auna tsawo, suka auna faɗi, maginin ya ƙwanƙwasa katangar titi, suka tafi.

A wurin Ishatu magana ta ƙare. Wa ke zancen sauro in ba mutanen asibiti ba? Wa ya ɗauki hoto? Wa ke da janareta mai cin mai? Ta ɗauko bokitin ugu, wanda ya riga ya fara yaɗo, ta dire shi a ƙofar Miriam. Daga ranar ta daina amsa gaisuwarta gaba ɗaya.

Miriam ta yi haƙuri na kwanaki, sannan wata yamma ta yi sallama a ƙofar Ishatu, ta shigo ba ta jira izini ba, ta zauna a ƙasa da kayan aikinta a jiki.

"Mama, me na yi miki?"

"Kin fi ni sani."

"Hoton nan mahaifiyata na tura wa. Ga shi, ki duba."

"Ba na karatun waya."

Miriam ta ajiye wayar, ta ce, "Akwai abin da na yi, ba zan ɓoye ba. Ranar da Adnan ya zo karɓar haya na ce masa gangar ruwanki a buɗe take, ya kamata a sa murfi. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Da na sani ke zan gaya wa."

"To ai kin faɗa da bakinki."

"Amma ban zuba wa shukarki komai ba. Ranar da nake hutu, bayan azahar, na ga Malam Kailani a lungun da galan. Na ɗauka ke kika sa shi."

Ishatu ta kafa mata ido. Ta ce, "Mutumin da ya wanke gawar maigidana kike kira?"

"Abin da na gani na faɗa."

"Tashi ki je, na ji."

Ba ta yarda ba. Wanda aka kama ai dole ya nemi wanda zai jingina wa laifi. Sai dai maganar ta ƙi fita daga kanta. Ta tuna Kailani ne yake canza wa janaretan Miriam mai. Ta tuna shi ya kafa ƙyauren. Ta tuna kwanan baya yana kukan ruwa da rana suna dukansa a gindin bishiya, da ma ya samu ɗan shago kusa da gida. Sannan ta tuna yadda maginin ya ƙwanƙwasa katangar titi, ba bangon da aka ce ruwa ya ci ba. Da ta gamu da Kailani a ƙofar gida ya ce, "Maman Surayya, na ji labarin tumatir, Allah ya mayar da alheri," sai ta samu kanta tana kallon hannunsa. Yanzu mutum biyu take zargi, kuma hakan ya fi mata nauyi fiye da ɗaya.

Dabarar da ta zo mata guda ce, amma tana buƙatar hannu na biyu. Surayya tana nesa. Ba ta da kowa a gidan sai waɗanda take zargi. Ta daɗe tana auna su, daga ƙarshe ta ƙwanƙwasa ƙofar Miriam.

"Gobe da safe in za ki fita aiki, ki kulle ni ta waje da kwaɗona. Ki tafi da makullin. Yaushe kike tashi?"

"Kafin la'asar ina gida, Mama."

"In maganarki ƙarya ce, zan sani."

Da yamma ta leƙa wurin Rahma, ta ce gobe da sassafe za ta Kaduna duba Surayya, za ta kwana biyu, a sa mata ido a ɗaki.

Da safe ta ji Miriam ta danna kwaɗon, ta ji takunta ya yi nisa. Nan take ta yi nadama. Tun rasuwar Labaran ba ta taɓa ba wani makullinta ba, yau ga shi ta bayar tana ciki. Ta zauna a bakin gado kusa da tagar baya, ta saki labule ta bar ɗan tsagi. Babu wuta, kwanon rufi ya ɗau zafi, gumi ya jiƙa mata riga. Ta ji yara sun tafi makaranta, ta ji mata sun gama wanke-wanke, gidan ya yi tsit. Tunani ya yi ta zuwa mata. Idan Miriam da Adnan bakinsu ɗaya ne fa? Idan yanzu suka zo da magini suka kwashe buhunan tana kallo, ba ta da hanyar fita? Idan Miriam ta je ta gaya wa Kailani, su biyun suna can suna yi mata dariya? Idan gobara ta tashi? Ta tashi ta taɓa ƙofar, ta ji ta gam, ta dawo ta zauna. Ta yi sallar azahar a hankali, ko tabarma ba ta bari ta yi ƙara ba.

Ba a daɗe da idar da salla a masallacin layi ba ta ji langa-langa ya yi ƙara. Ta sa ido a tsagin labule. Malam Kailani ne, da hularsa ta masallaci, da galan a hannu. Ya waiga, ya buɗe murfin, ya durƙusa a kan buhun attarugu ya fara tsiyayawa a gindi, a hankali, kamar mai ba jariri magani.

Ishatu ta ɗage labulen. Muryarta ba ta tashi ba.

"Malam Kailani, ka tsallake na kusa da taya."

Galan ya kusa suɓuce masa. Ya miƙe, ya dubi taga, ya dubi ƙyaure.

"Maman Surayya, ashe ba ki tafi ba."

"Ban tafi ba."

"Gara na gani tana hawa katanga, na ce bari in taimaka miki."

"Allah ya saka."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana. Sai ya ce, ƙasa-ƙasa, "Shekaruna sun ja. Rana ta gama da ni a bakin titi. Ke ganye ne, ni abincin iyalina ne."

"Da ka zo ka faɗa min."

"Da kin yarda?"

Ita kanta ta san ba za ta yarda ba. Ya rufe galan ɗinsa ya fita, bai ko mayar da wayar ba.

Ta koma bakin gado. Ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Kuma har yanzu a kulle take. Aka kira la'asar, babu Miriam. Aka idar, babu ita. Zargin da ya kwanta ya sake ɗagowa. Rana ta yi sanyi sosai kafin ta ji gudu-gudu a tsakar gida, da ƙarar makulli.

"Mama, ki yafe min, wata mai naƙuda aka kawo ina shirin fita."

Ishatu ta miƙa hannu ta karɓi makullinta tukuna, ta ɗaure a bakin zane, sannan ta ce, "Ta sauka lafiya?"

"Lafiya lau, mace."

"Shi ne," in ji Ishatu. "Na gan shi."

Ba ta kai ƙara wurin mai unguwa ba, ko da yake Miriam ta so ta kai. Ta gaya wa Adnan abin da ta gani, ya ce subhanallahi, ya ce zai sanar da Alhaji. Amma awo an riga an yi, kuma Alhaji ya riga ya gane cewa in aka fasa katangar nan shago zai fito a bakin titi. Kafin damina ta sauka aka ba Ishatu mako ta kwashe kayanta daga lungun. Shagon kuwa bai zo hannun Kailani ba. Wani mai sayar da kayan waya ya fi shi tayi, aka ba shi.

Ƙasar da mai ya taɓa ta zubar da ita. Sauran ta juye a jarkokin da ta yanke gefensu, Miriam ta kawo kafinta ya buga ƙusoshi a bangon tsakar gida, aka rataye su sama da juna. Albasa ta koma kan tagar gaba. Zogalen bai jure tashi ba. Ƙofar Miriam ce ke samun ranar safe, don haka attarugun da ya tsira can aka kai shi, bayan Ishatu ta yi kwanaki tana cewa a'a. Tumatir kam ta bari, don tsakar gidan ba ta samun ranar da zai yi 'ya'ya. Yanzu ganye ne ƙarfinta: alayyafo, yakuwa, lalo, da ɗan na'a-na'a. Komai a fili yake, kowa na wucewa ta gabansa, abin da ya sa ta fito da kujerarta bakin ƙofa, a nan take wuni.

Surayya ta sha cewa ta tattara ta dawo Kaduna. Takan ce sai ta ga gidan da za a ajiye ta tukuna, da inda rana take faɗowa a cikinsa.

Ita da Kailani suna gaisawa, iyakarsa ke nan. Abin da har yau ba ta warware ba shi ne Rahma. Ita ta gaya wa zancen tafiya Kaduna, amma mace na iya faɗa wa mijinta magana ba da wata manufa ba. Rahma ba ta taɓa ɗaga zancen ba, ita ma ba ta tambaya ba.

A azumin da ya wuce Kailani ya kwanta rashin lafiya, bakinsa ya ƙi karɓar komai. Wata yamma Rahma ta zo ta tsaya nesa kaɗan da jarkokin, tana murza bakin mayafi.

"Inna, malam ne yake marmarin miyar yakuwa. Na duba kasuwa duk ta bushe."

Ishatu ta daɗe tana dubanta. Rahma ta matsa za ta tsinka, Ishatu ta ce, "Tsaya nan." Ta tashi da kanta, tana dafa gwiwa, ta zaɓi masu taushi daga jarkar sama, ta cika mata kwano har ya yi tozo.

"Ki ce ina masa sannu. Kwanon kuma ki dawo min da shi yau."